Raɗa Ta Fi Ihu Araha: Yadda Na'urorin Jikin Majiyyaci Ke Tattalin Batir

Duk wanda ya taɓa zama a layin baya a aji ya san hanyoyi biyu na isar da saƙo ga abokinsa da ke gaba. Ko dai ya ɗaga murya, ko ya raɗa wa na kusa da shi, shi ma ya raɗa wa na gaba. Mu da ke karatun injiniyan lantarki a jami'a mun yi dariya ranar da muka gano cewa wannan dabara ta 'yan surutu ita ce ake koya wa na'urorin da majiyyata ke ɗaurawa a jiki.

A ce ga dattijo mai ciwon zuciya. An manna masa na'ura a ƙirji tana auna bugun zuciya, wata a yatsa tana auna iskar oksijin da ke jini, wata kuma a idon sawu tana lura ko ya faɗi. Dukkansu suna aika bayani ga wayar da ke aljihunsa, daga nan ya wuce ga likita. Matsalar ita ce batir. Irin wanda wasunsu ke ɗauka, mai kama da kwabo, CR2032, ƙarfinsa kusan mAh 220 ne. Na wayar da ke da mAh 5,000 ya ninka shi fiye da sau 20.

Da farko mun zaci awon ne ke cinye wutar. Ashe aikawa ce. Idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin da rediyo ke buƙata yakan ninka sau huɗu, wannan ma a fili ke nan. Jikin mutum kuwa fiye da rabinsa ruwa ne, yana shanye saƙon Bluetooth. Majiyyaci ya juya ya kwanta a kan na'urar kawai, sai saƙo ya ɓace, a sake aikawa, a sake kashe wuta.

Shi ya sa ake bin hanyar raɗa: ta idon sawu ta miƙa wa ta gwiwa, ta gwiwa ta miƙa wa waya. Amma ku tuna da ɗalibin da ke tsakiyar layi, wanda kowane saƙo sai ya bi ta kansa. Shi ne zai fara gajiya. Haka na'urar da ta zama 'yar aike, batirinta ne ke fara mutuwa. Idan kuma a cikin jiki aka dasa ta, yawan aiki na sa ta ɗumi, ɗumin kuma yana iya cutar da tsokar da ke kewaye da ita. Don haka tsari mai kyau yakan duba wadda ta fi saura da wuta, wadda ba ta yi zafi ba, ya karkatar da saƙo ta can.

Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2012, mai lamba 802.15.6, ta yarda da 'yar aike ɗaya kacal tsakanin na'ura da uwarta. Ta kuma ba na'ura damar yin barci, ta farka lokacin da aka yanka mata, ta faɗi nata, ta koma. Saƙon gaggawa ne ba ya bin layi. Idan zuciya ta rikice, ba maganar tattali, ihu za a yi.

Na'urar da ke kan fata, batirinta ya ƙare a canza mata. Wadda aka dasa a ƙirji don daidaita bugun zuciya kuwa, ranar da nata ya ƙare sai an sake yi wa mutum tiyata.