Kwamishina Mazauni na Puerto Rico

Kwamishina Mazauni na Puerto Rico shi ne zaɓaɓɓen wakilin tsibirin Puerto Rico a Majalisar Wakilan Amurka da ke birnin Washington. A harshen Sifaniyanci, wanda shi ne yaren mafi yawan mutanen tsibirin, ana kiran muƙamin *Comisionado Residente*. Mai riƙe da shi yana da ikon yin magana a zauren majalisa, da gabatar da ƙudurin doka, da kaɗa ƙuri'a a kwamitoci, amma ba ya kaɗa ƙuri'a lokacin da majalisa za ta zartar da doka. Shi kaɗai ne ɗan majalisar wakilai da ake zaɓa na wa'adin shekara huɗu, sauran duka shekara biyu suke yi. Tun daga ranar 3 ga Janairu, 2025, Pablo José Hernández Rivera ne ke kan kujerar.

Ƙidayar 2020 ta nuna Puerto Rico na da mutum miliyan 3 da dubu 285 da ɗoriya, adadin da ya zarce na jihohin Amurka da dama. Matsakaiciyar mazaɓar ɗan majalisar wakilai tana da mutum kusan dubu 760, don haka babu ɗan majalisar da ke wakiltar jama'a mai yawan ta Kwamishina Mazauni.

Tarihi

Puerto Rico ta shafe fiye da shekara 400 a ƙarƙashin mulkin Sifaniya. A wancan zamanin ma tsibirin ya aika wakilai majalisar dokokin Sifaniya. Na farkonsu shi ne Ramón Power y Giralt, wanda ya halarci majalisar da ta zauna a Cádiz daga 1810, har aka zaɓe shi mataimakin shugabanta. Bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, Sifaniya ta miƙa Puerto Rico da Guam da Filifin ga Amurka a yarjejeniyar Paris ta ranar 10 ga Disamba, 1898.

Dokar Foraker ta Afrilun 1900 ce ta kafa gwamnatin farar hula a tsibirin, ita ce kuma ta ƙirƙiro muƙamin Kwamishina Mazauni da wa'adin shekara biyu. Da farko an ɗauki mai muƙamin tamkar jakadan tsibirin a ma'aikatun gwamnatin tarayya, ba ɗan majalisa ba. Federico Degetau, wanda ya fara riƙe shi daga 1901 zuwa 1905, bai samu izinin shiga zauren majalisa ba sai a 1902. A 1904 aka ba shi damar yin magana a muhawara da zama a kwamitin da ke kula da harkokin tsibirai. Filifin ma ta riƙa aika wakilai masu irin wannan suna har zuwa lokacin da ta samu 'yancin kai a 1946.

Luis Muñoz Rivera, wanda ya hau kujerar a 1911, ya yi fafutukar faɗaɗa mulkin kai na tsibirin, amma ya rasu a Nuwambar 1916 kafin ya ga sakamakon aikinsa. Ranar 2 ga Maris, 1917, shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar Jones-Shafroth, wadda ta mayar da mutanen Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka, ta kuma tsawaita wa'adin kwamishina zuwa shekara huɗu.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kujerar shi ne Antonio Fernós-Isern, daga 1946 zuwa 1965. A zamaninsa ne majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar 1950 da ta ba tsibirin damar rubuta nasa kundin tsarin mulki, kuma shi ne ya shugabanci taron da ya tsara kundin. Kundin ya fara aiki ranar 25 ga Yuli, 1952, ya kafa tsarin da ake kira *Estado Libre Asociado*, wato ƙasa mai cin gashin kanta da ke haɗe da Amurka. Sabon tsarin bai sauya matsayin kwamishina a majalisa ba.

Dalilin rashin ƙuri'a

Sashe na ɗaya na kundin tsarin mulkin Amurka ya ce mutanen jihohi ne ke zaɓen 'yan majalisar wakilai, kuma kowace jiha na da sanatoci biyu. Puerto Rico ba jiha ba ce. Yanki ne da majalisar dokoki ke iko da shi a ƙarƙashin sashe na huɗu na kundin. A wasu shari'o'i da Kotun Ƙoli ta yanke a farkon ƙarni na 20, musamman shari'ar Downes da Bidwell ta 1901, kotun ta ce tsibirin mallakar Amurka ne amma ba a shigar da shi cikin tarayyar ba, saboda haka ba duk tanade-tanaden kundin ne ke aiki a can kai tsaye ba.

Wannan ya sa muƙamin kwamishina ya dogara a kan doka da ƙa'idojin cikin gida na majalisa, ba a kan kundin tsarin mulki ba. Majalisa na iya ƙara masa iko ko rage shi. Haka kuma mazauna tsibirin ba su da sanata, ba sa kuma zaɓen shugaban ƙasa a babban zaɓe, duk da cewa suna shiga zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyun Amurka. Abin ya ta'allaƙa ne da wurin zama: ɗan Puerto Rico da ya koma Florida ko New York yana da cikakkiyar ƙuri'a, shi kuwa ɗan wata jiha da ya tare a tsibirin ya rasa tasa.

Ikon kwamishina da iyakarsa

Kwamishina Mazauni yana karɓar albashi daidai da na sauran 'yan majalisa, yana da ofis da ma'aikata, yana kuma shiga rukunin jam'iyyar Democrat ko Republican a majalisa. Yana iya gabatar da ƙudurin doka, da mara wa na wasu baya, da kawo gyara. Tun bayan dokar sake fasalin majalisa ta 1970 yake kaɗa ƙuri'a a kwamitocin dindindin kamar kowane mamba. Wannan ne babban makaminsa, domin a kwamiti ake tankaɗe da rairayar yawancin ƙudurori kafin su isa zaure.

Ba ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a kan kowace doka, ba ya kuma shiga zaɓen Kakakin Majalisa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani mataki da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa. Sau da yawa majalisar wakilai kan zauna a matsayin kwamitin ɗaukacin majalisa domin duba gyare-gyaren da aka kawo wa ƙuduri. A 1993, lokacin da 'yan Democrat ke da rinjaye, an ba kwamishina da sauran wakilan yankuna damar ƙuri'a a wannan zama, da sharaɗin cewa idan ƙuri'unsu ne suka raba gardama, za a sake kaɗa ƙuri'ar ba tare da su ba. 'Yan Republican sun kai ƙara, amma kotu ta bar tsarin yadda yake, ganin cewa ƙuri'ar ba ta iya sauya sakamako. An soke damar a 1995, aka maido da ita a 2007, aka sake soke ta a 2011, sannan aka dawo da ita a 2019, kowane sauyi ya biyo bayan canjin jam'iyya mai rinjaye.

Yadda ake zaɓe

Ana zaɓen kwamishina a watan Nuwamba duk bayan shekara huɗu, a ranar da ake zaɓen gwamna da 'yan majalisar dokokin tsibirin da shugabannin ƙananan hukumomi 78. Ranar takan zo daidai da ta zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Tsibirin gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ke cin zaɓe, ko da bai kai rabi ba. Hukumar zaɓe ta Puerto Rico ce ke gudanar da shi.

Dokar tarayya ta gindaya wa ɗan takara sharuɗɗa uku: ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya kai shekara 25, ya kuma iya karatu da rubutu da Ingilishi. Idan kujerar ta zama babu kowa kafin ƙarewar wa'adi, ba a yin zaɓen cike gurbi kamar yadda ake yi a jihohi. Gwamna ne ke naɗa wani da amincewar majalisar dattawan tsibirin. Haka aka yi a 1992, lokacin da aka naɗa Jaime Fuster alƙalin kotun ƙolin Puerto Rico, Antonio Colorado ya ƙarasa wa'adinsa.

Jam'iyyu

Siyasar tsibirin ba ta bin layin Democrat da Republican. Abin da ya raba jam'iyyun shi ne makomar dangantaka da Amurka. Jam'iyyar PNP tana son Puerto Rico ta zama jiha, PPD tana kare tsarin 1952, PIP kuma tana neman cikakken 'yancin kai. Tun daga 1969, PNP da PPD ne kaɗai suka riƙe kujerar kwamishina.

Da zarar kwamishina ya isa Washington sai ya zaɓi ɓangaren da zai zauna. Kwamishinonin PPD na baya-bayan nan duk sun zauna da 'yan Democrat. Na PNP kuwa sun rabu: Carlos Romero Barceló da Pedro Pierluisi sun bi Democrat, Luis Fortuño da Jenniffer González sun bi Republican.

Mai zaɓe na iya ba ɗan takarar gwamna na wata jam'iyya ƙuri'a, ya ba ɗan takarar kwamishina na wata. Saboda haka an sha samun gwamna da kwamishina daga jam'iyyu masu hamayya da juna, kamar yadda ya faru a zaɓukan 2004 da 2012 da 2024. A zaɓen 5 ga Nuwamba, 2024, González ta PNP ta zama gwamna, shi kuma Hernández Rivera na PPD, jikan tsohon gwamna Rafael Hernández Colón, ya ci kujerar da ta bari.

Kujerar ta zama matakalar hawa gadon gwamna. Dukkan mutum huɗun da suka riƙe ta daga 2001 zuwa 2025 sun zama gwamnoni daga baya.

Kwamishinonin baya-bayan nan

- Carlos Romero Barceló, PNP, 1993 zuwa 2001
- Aníbal Acevedo Vilá, PPD, 2001 zuwa 2005
- Luis Fortuño, PNP, 2005 zuwa 2009
- Pedro Pierluisi, PNP, 2009 zuwa 2017
- Jenniffer González, PNP, 2017 zuwa 2025, mace ta farko a muƙamin
- Pablo José Hernández Rivera, PPD, daga 2025

Muhawara a kan wakilci

Dokokin tarayya suna aiki a Puerto Rico, 'ya'yan tsibirin suna shiga rundunar sojin Amurka, ma'aikata kuma suna biyan harajin inshorar tsufa da na lafiya, ko da yake mafi yawansu ba sa biyan harajin tarayya a kan kuɗin shigar da suka samu a cikin tsibirin. Masu sukar tsarin na cewa bai dace a yi wa 'yan ƙasa fiye da miliyan uku doka ba tare da ƙuri'arsu ba.

Misalin da aka fi kawowa shi ne dokar PROMESA ta Yunin 2016. Lokacin da bashin gwamnatin tsibirin ya haura dala biliyan 70, majalisar dokoki ta kafa hukumar sa ido mai ikon amincewa ko ƙin amincewa da kasafin kuɗin Puerto Rico. Pierluisi ya shiga tattaunawar tsara dokar, ya kuma goyi bayanta, amma ba shi da ƙuri'a ranar da aka zartar da ita. A 2022 kuma Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Vaello Madero, cewa majalisa na da hurumin cire mazauna tsibirin daga wani shirin tallafin tsofaffi da naƙasassu marasa galihu.

Masu son zama jiha na ganin mafitar ita ce sanatoci biyu da kujeru kusan huɗu masu cikakkiyar ƙuri'a a majalisar wakilai. Masu kare tsarin da ake ciki na fargabar ƙarin haraji da raunin matsayin harshen Sifaniyanci da al'adun tsibirin. Masu neman 'yancin kai kuwa na ganin matsalar ba rashin ƙuri'a a Washington ba ce, mulkin Washington ɗin ne kansa.

An yi ƙuri'ar raba gardama a kan wannan batu a 1967, 1993, 1998, 2012, 2017, 2020 da 2024. A ta 2020, kashi 52.5 cikin ɗari sun amince a zama jiha. Babu ɗaya daga cikinsu da ta wajabta wa majalisar dokoki ɗaukar mataki. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurorin shirya ƙuri'ar makoma a 1998 da ƙuri'a 209 da 208, a 2010, da kuma Disambar 2022 da ƙuri'a 233 da 191. Dukkansu sun maƙale a majalisar dattawa.

Sauran wakilai marasa ƙuri'a

Ban da mambobi 435 masu cikakkiyar ƙuri'a, majalisar wakilai na da kujeru shida marasa ƙuri'a. Bayan ta Puerto Rico, akwai ta Gundumar Columbia, inda babban birnin ƙasar yake, daga 1971, da ta Guam da ta Tsibiran Virgin na Amurka daga 1973, da ta Samoa ta Amurka daga 1981, da ta Tsibiran Mariana ta Arewa daga 2009. Ikonsu a majalisa ɗaya ne da na Kwamishina Mazauni, sai dai su wa'adinsu shekara biyu ne. Idan aka haɗa jama'ar waɗannan wurare biyar, ba su kai rabin mutanen Puerto Rico ba.