Wayar Hannu da Barcin Masu Koyon Likita

Ƙofar Marusa ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. A wannan unguwa, kamar sauran unguwannin birni, malami da ɗan kasuwa suna burin ɗansu ko 'yarsu ta zama likita. Shekara 6 ake yi ana karatun, uba yana biyan kuɗin makaranta da na littattafai, har da na wayar hannu.

Ita wayar nan ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. A cikinta ɗalibi yake duba darasinsa, a cikinta kuma akwai wasanni da hira da hotuna masu motsi, irin na TikTok, waɗanda ba su ƙarewa. Yakan ɗauke ta da nufin muraja'a, sai asuba ta riske shi bai runtsa ba. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ajiye abin da aka karanta. Kowane alaramma ya sani, almajiri mai gyangyaɗi ba ya riƙe allonsa. Har wa yau, rashin barci yakan zo tare da ciwon damuwa.

A 2016 mujallar likitocin Amurka, watau JAMA, ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe fiye da 40, aka sami kimanin kashi 27 cikin 100 na masu koyon likita suna da alamun ciwon damuwa. Cikinsu kashi 16 cikin 100 kaɗai suka nemi magani.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan bisa sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, har tsawon wata 12.

Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya rame, ya ƙaurace wa mutane, jarrabawa tana kayar da shi, kada ya fara da faɗa. Ya zaunar da shi, ya tambaye shi awa nawa yake barci. A riƙa ajiye waya nesa da shimfiɗa in dare ya yi. In abin ya faskara, a je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, gama mai koyon likita shi ma yana bukatar likita.

Allah Ya ba su lafiya, amin.