Ƙarancin Jini: A Tabbata An Rubuta Dalilinsa a Katin Asibiti

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, gonakin Kura, Bunkure da Kadawa suka samu ruwan noma rani da damina. Shinkafa da alkama da tumatir sun wadata. Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa yana raya sauro duk shekara, yana kuma raya dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya duka masu shanye jinin mutum ne.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49.

Sau da yawa abin da iyali ke ji a asibiti shi ne "jininsa ya yi ƙasa". A nemo leda ɗaya ko biyu, a ƙara, a koma gida. To amma ƙarancin jini alama ce kawai, akwai abin da ya jawo shi. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Wani yaron wanka a hanyar ruwa ya sa masa tsargiya, yana fitsarin jini. Wani tsutsar ciki ce ta shige shi ta ƙafa saboda yawo ba takalmi. Wani sikila ce gadonsa. Wata kuma haihuwa a jere da rashin abinci mai sinadarin ƙarfe ne suka rage mata jini. Kowanne da maganinsa. Ƙara wa mai tsargiya jini ba tare da an ba shi maganinta, praziquantel, ba tamkar sakin ruwa ne a fangalin da kunyarsa ta ɓalle.

Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kundin cututtuka mai suna ICD, ta ba kowace cuta lambarta. A bugu na 10, ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe D50 ne, sikila D57, na mai juna biyu O99.0, wanda ba a fayyace dalilinsa ba kuwa D64.9. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Manufar ita ce abin da aka rubuta a Kura ya zama shi likitan Asibitin Malam Aminu Kano zai fahimta.

Idan aka rubuta "ƙarancin jini" kurum, hasara biyu ake yi. Likita na gaba zai fara lalube daga tushe, har a iya ci gaba da ɗura wa mai sikila da ya sha ƙarin jini maganin ƙarfe, alhali ƙarfen ya riga ya yi masa yawa. Sannan alƙaluman da asibitoci ke turawa duk wata ta manhajar DHIS2 ba za su nuna ainihin ciwon yankin ba, masu rabon magani da gidan sauro su yi aiki a duhu.

Marasa lafiya da iyalansu, ga abin da ke hannunku. Ku tambayi ma'aikacin lafiya cikin ladabi: me ya jawo, kuma nawa awon jinin ya nuna? Ku roƙi a rubuta amsar. Ku riƙe kati ɗaya da suna ɗaya. Maryam yau, Mairo gobe, na mayar da mutum ɗaya biyu a rajista, tarihin ciwonsa ya watse. Ku adana takardun gwaji, ku tafi da su duk asibitin da aka tura ku. Kada kunya ta hana ku faɗin fitsarin jini, ɓari ko yawan zubar jinin al'ada. Mai ciki ta riƙa zuwa awo.

Ma'aikatan lafiya da masu kula da fayil, in gwaji ya fito da dalili, a koma a gyara rubutun farko.

Duk wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana haki ko jiri, a kai shi asibiti ranar. Kwalbar maganin ƙarin jini ta kemis ba ta gano dalili.