Ba Kowace Shawara Ce Ta Saiwa Ba

A ƙasar Kankia da Kusada, da zarar idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a haƙo saiwar rawaya a jiƙa masa, wani ma a kira wanzami. To, jama'a, shawara iri-iri ce, kuma akwai wadda ko an shanye saiwar daji duka ba za ta tafi ba, domin hanya ce ta toshe a cikin ciki.

Ga yadda abin yake. Hanta tana yin ruwan madaciya wajen rabin lita ko fiye a kowace rana. Ruwan nan yakan bi wani siririn bututu ya zuba a farkon ƙaramin hanji, ta wata 'yar ƙofa da ake kira da sunan wani likita Bajamushe, Abraham Vater, wanda ya yi bayaninta a 1720. Ta nan ne kuma ruwan fankiriyas, gaɓar da ke taimakon narkar da abinci, yake fita. Idan ƙari ya tsiro a bakin ƙofar, ko da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, yana iya tare ta, ruwan madaciya ya koma cikin jini.

Alamunsa a fili suke: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin jiki da rama. Sau da yawa babu ciwon ciki, shi ya sa ake sakaci. An fi ganinsa ga waɗanda suka manyanta.

A da, sai an tsaga ciki. A 1935 wani likita a Amurka, Allen Whipple, ya bayyana tiyatar da ake cire kan fankiriyas da wani yanki na hanji, babban aiki mai ɗaukar awoyi. Daga baya aka samu na'urar leƙa ciki, wato wata mesa mai kaurin yatsa da fitila da kyamara a bakinta. A 1968 aka fara shiga ƙofar nan da ita, a 1983 kuma likitocin Japan suka ba da labarin cire ƙarin ta wannan hanya.

Akan sa majinyaci barci, a zura mesar ta baki, ta wuce tumbi har bakin ƙofar. Sai likita ya zarge ƙarin da siririyar waya, ya saki wutar lantarki ta yanke shi, a fito da shi a kai ɗakin gwaji. Akan bar wani ɗan bututu a hanyar fankiriyas don kada ta kumbura. Babu tsagar ciki, babu ɗinki, cikin 'yan kwanaki a sallami mutum. Amma aikin ba ya rasa haɗari: akan samu zubar jini ko kumburin fankiriyas, jefi-jefi hanji ya huje. Tilas ne kuma a riƙa komawa ana dubawa, don ƙarin yakan sake tsirowa.

Sai dai fa mesar tana amfani ne muddin ƙarin bai rikiɗe ya zama sankara mai saiwa a ciki ba. In ya kai haka, sai babbar tiyata, in ma ta yiwu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, watannin da muke ɓatawa a gida muna jiƙe-jiƙe su ne suke raba mai sauƙi da mai wuya.

Saboda haka duk babban da muka gani da waɗannan alamu, mu kai shi Babban Asibitin Kankia a gwada jini, a nemi hoton ciki. In an ga alamar toshewa, mu karɓi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Aikin mesa na ƙwararru ƙalilan ne, can za a faɗa mana inda za a dosa. Toshewar ma tana iya zama tsakuwar madaciya ce kawai, ita ma da mesar ake fitar da ita. Mu da ke zuwa gaida marasa lafiya, kada mu tsaya ga sannu da addu'a kaɗai, mu tambayi kalar bayan gida, mu kuma haɗa kuɗin mota. Ubangiji ya ba majinyatanmu sauƙi, amin.