Idan karanshaf ya lalace: a gyara ko a sake?

A Kiyeshe da sauran garuruwan Dallol Mawri, daga Dogon Dutsi har Tibiri, inji ya shiga cikin aikinmu na yau da kullum. Da shi muke ba dankalin turawa da albasa ruwa da rani, da shi muke niƙa gero. Ranar da injin niƙa ya buga, mata sun koma turmi ke nan.

A cikin kowane inji akwai wani ƙarfe mai gwiwa wanda bakanikai ke kira karanshaf. Fistan yana hawa yana sauka, shi kuwa karanshaf yana mayar da wannan motsi ya zama juyi. A injin gas, tsakaninsa da hannun fistan akwai wani ɓawo siriri mai suna metal. Baƙin mai ne ke raba su. Idan mai ya ƙare, ko ƙura ta shiga cikinsa, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Daga nan ake jin ƙwanƙwasa. Wanda ya ji ta, ya kashe inji nan take.

In bakanike ya kwance inji, mu tsaya mu gani da idonmu. A wanke karanshaf da kananzir, a bi wuyansa da farce. In farce ya wuce sumul, ana iya goge shi a sa sabon metal. In farce ya maƙale, to ya ci. In wurin ya yi shuɗi, zafi ya ƙone shi. In kuwa ya tsage ko ya lanƙwashe, a bar shi. Walda ba ta riƙe shi, kuma ranar da ya karye yana iya fasa cikin injin duka.

Wanda ya ci kaɗan ana kai shi babban gari, kamar Yamai, a wasa shi da na'ura. Ana rage kaurinsa da awo: milimita 0.25, ko 0.50, ko 0.75. Bakanikai na ce musu 010, 020 da 030. Nan ne mutane da yawa suke asara. Sai a wasa karanshaf a 020, a sayo metal na asali, inji ya sake bugawa kafin sati. Tun da mun iya rubutu, mu rubuta lambar a takarda, mu je da ita shago.

Kafin a haɗa, a wanke ƴan ramukan da mai ke bi, domin garin ƙarfe yana ɓuya a ciki. A shafa mai a metal. Kowane murfi ya koma inda aka cire shi, ta fuskar da yake. In an ɗaure, a juya da hannu. In ya ƙi juyawa, a sake kwancewa, kada a tayar da shi da ƙarfi. Bayan ƴan kwanaki na aiki a zubar da man farko.

Ƙaramin injin ban ruwa na fetur dabam yake. Yawancinsu ba su da metal, hannun fistan a kan karanshaf yake hawa kai tsaye. In ya ci, mun fi ganin a sayi sabon karanshaf da sabon hannu tare. Kuma a riƙa girke shi a wuri mai daidai a bakin rijiya, domin in ya karkata mai yakan taru gefe guda.