Cittar Kwalba Ba Dodo Ba Ce

Na gaji da jin wannan magana a majalisa da cikin motar haya: wai tsiron da aka raina a kwalba "an sauya masa halitta", wai cittarsa ba ta da yaji, ba ta maganin mura, har akwai masu rantsuwa tana kashe haihuwa. Haba jama'a!

Aikin bai wuce haka ba: a ɓanto ɗan mitsitsin toho daga idon citta, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora kan wani daskararren kunu mai sukari da ma'adinai da sinadarin fitar da saiwa. Masana biyu, Murashige da Skoog, suka fitar da wannan haɗin tun 1962. Toho ya yi 'ya'ya, a rarraba, a sake dasawa, har ɗaya ya zama dubbai.

To ina sauya halitta a nan? Ba a cusa masa ƙwayar halittar wani abu ba, ba a cire tasa ba. Mai rogo da ke sare kara ya binne, da mai rake, da mai dasa yaɗon dankali, duk abin da suke yi ke nan. Wuƙar ɗakin gwaji ta fi ƙanƙanta da tsabta ne kawai. Citta ma tun kaka da kakanni da saiwarta ake dasa ta, shi ya sa cuta ke bin iri daga gona zuwa gona. Wanda ya ga yadda citta ta ruɓe a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023 ya san darajar iri mai lafiya. Batun ƙarfin magani kuwa, a Jamus akwai kamfanin da ke samar da sinadarin Taxol na cutar daji daga ƙwayoyin tsiro da ake reno a manyan tankuna, alhali a da sai an ɓare bawon bishiya. Mu da muke sassaƙe bawon madaci don magani har ya bushe a tsaye, ai mu ya kamata mu fi kowa murna.

Gaskiya ne, aikin kwalba akwai tsada, akwai rashin wuta. Wannan kukan wata rana ne.

Amma idan ka sami irin kwalba, ka sani jariri ne. Kada ka kai shi gona kai tsaye, rana ɗaya za ta ƙone shi. Wanke kunun da ke saiwar tas, domin sukarin nan yana jawo ruɓa. Dasa shi a leda mai ƙasa mai laushi, ka ajiye a inuwa, ka lulluɓe don raɓa ta zauna, sannan ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan na 'yan makonni. Kada ka mayar da shi gonar da ta ruɓe bara. Tsabta aka ba shi, ba laya ba, cutar tana nan kwance a ƙasa. Girbin farko ƙanana za ka gani. Kada ka sayar, shi ne irinka na baɗi.