Kuɗin bincike: ka sa naka, a ƙara maka

Duk wanda ya taɓa sayen wake da kaka domin ya ajiye har farashi ya tashi, ya san ɓacin ran kwance bakin buhu a tarar ƙwari sun mai da shi gari. Shekaru da dama maganin da muka sani shi ne zuba guba, wadda ke kashe ƙwarin, wani lokacin kuma ta kai masu cin waken asibiti. Yau da yawa daga cikinmu sun san buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, amma kaɗan ne suka san cewa daga jami'a ya fito.

Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwajin dabarar a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Sirrinta ba boyayye ba ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhu saƙaƙƙe a waje, kowane a ɗaure shi tam. Ƙwarin sai su shanye ɗan iskan da ya rage, daga nan su daina ci, su mutu. To amma dabarar ta daɗe ba ta bazu ba, sai a 2007 da gidauniyar Bill Gates ta zuba kuɗi, masanan INRAN na Maraɗi suka gwada ta da wakenmu, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga ƙera buhunan, ƴan kasuwa kuma suka ɗauka suka kai su kasuwannin ƙauye. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne, sai da mai masana'anta da mai shago suka shigo sannan aikin malamin jami'a ya iso gidajenmu.

Mu tuna da namu na gida. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'armu ta Harobanda ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da zafin rana. Ilimi ne da duniya ta shaida. Amma a zaga Babbar Kasuwa ko Katako, a duba kayan aiki da rana da aka jibge: kusan dukansu daga waje aka shigo da su. Gadar Kennedy ce kawai tsakanin jami'a da kasuwa, sai ka ce tafiyar wata guda.

Wasu ƙasashe sun nemi cike wannan giɓi da wani tsari mai kama da haɗa jari. Kamfani ya kawo matsalarsa, jami'a ta kawo malami da ɗalibi, kamfanin ya ajiye kasonsa na kuɗi, sannan gwamnati ta ƙara nata. In kamfani bai sa ba, ita ma ba ta sawa. Ingila ta fara irin wannan tun 1975, inda ƙaramin kamfani kan biya kusan kashi ɗaya cikin uku, babba kuma rabi. Hikimar kowace ƴar kasuwa ta san ta: wanda kuɗinsa ke ciki ba ya barci. Idan binciken na banza ne, kamfani ba zai sa ko dala ba. Idan kuwa ya sa, zai yi ta bin malamin har sai ya ga abin da zai sayar.

Mu ma tsarin ba baƙo ba ne gare mu, sai dai a fannin noma da kiwo muka fi saninsa. Furojen PRODEX da Bankin Duniya ya tallafa daga 2009 ya yi aiki da shi wajen albasa, wake, riɗi, aya, ƙaro da dabbobi. Asusun FISAN da aka kafa a 2017 ya zo da nasa lissafin: a aikin miliyan 1 na sefa, mai aikin ya kawo jika 100, a ba shi tallafin jika 400, banki ya ranta masa jika 500. A cikin wannan asusun har an ware wani sashe domin bincike da ba manoma shawara. Ƙananan kamfanonin fasaha ma muna da su. An buɗe cibiyar CIPMEN a Yamai a 2014 domin rainonsu, kuma a 2015 Abdu Maman na kamfanin Tech-Innov ya ci kyautar Sarki Hasan na Biyu kan dabarar kunna injin ban-ruwa da salula.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsarin yana da ƙaya. Jika 100 ba komai ba ne ga Alhajin da ke loda tirela, amma ga mai tallan ƙuli-ƙuli jarinta ne kaf. Ga tarin takardu da Faransanci, ga zirga-zirgar ofis. In ba a kula ba, mai shi ake ƙara wa. Bayan haka, tun juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu, wanda ya nuna mana haɗarin jingina komai da aljihun wani.

A ganinmu, a nan ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata ke da abin yi. Matan da ke zuba adashi kowane mako ba sa buƙatar a koya musu tara kaso. Masu sayar da albasar Galmi sun san yawan buhunan da ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, masu kilishi sun san abin da ƙura da ƙudaje ke ja musu, masu tumatir sun san abin da suke zubarwa da yamma. Ƙungiyar da ta haɗa kuɗinta ta tsallaka kogi da matsala guda a hannu, tana da bakin magana fiye da wadda ta je roƙo.

Kafin a sa hannu kuwa, a tambaya a rubuce: nawa ne kasonmu, yaushe za a ga sakamako, wane ne zai mallaki abin da aka gano, kuma wace masana'anta za ta ƙera shi a kan farashin da mai tiya biyu za ta iya saye.